Tsohuwar boilar tururi ta mutu: a sake irinta, a koma ruwan zafi, ko a tuge komai a sa hit fam?

Duk wanda ya sayi tsohon gida a yankin Niyok na Amurka, irin Bronx ko Brooklyn ko Yonkers, ko can Bostin da Filadalfiya da Shikago, in dai gidan kafin yaƙin duniya na biyu aka gina shi, to ya sani cewa wata rana sai ya sauka besmen ya tarar da ruwa kwance a gindin boila. Ni nawa ma ba ruwa na fara gani ba, maƙwabcina ne ya tsayar da ni da safe cikin watan Janairu yace wai me kake dafawa ne haka farin hayaƙi yake ta tashi daga cimninka, ashe ba hayaƙi bane, tururi ne, tukunyar ta huje ta sama inda ruwa baya kaiwa, tururin da ya kamata ya hau ɗakuna yana bin hanyar hayaƙi yana tafiya sama da kuɗina. Gidan hawa biyu ne, mu a sama 'yan haya a ƙasa, kuma dokar Niyok bata wasa da wannan, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole ɗakin ɗan haya ya kai digiri 68 da rana in waje ya sauka ƙasa da 55, da dare kuma 62 ko yaya waje yake. Wato kusan 20 da 17 kenan a ma'aunin da muka saba dashi a gida. Toh kaga ba lokacin dogon tunani, kuma a irin wannan gaggawar ne mutane suke yanke shawarar da zasu yi shekara ashirin suna cizon yatsa.

Filamba uku na kira, kowa da tasa. Ɗaya yace a sake boilar tururi kawai, ɗaya yace tururi ai kayan kakanni ne a maida gidan na ruwan zafi, na ukun yaro ne mai kwamfutar hannu yace a tuge komai a liƙa hit fam, wato esi mai bada zafi da wutar lantarki, a kowane ɗaki. Kowannensu yana da gaskiya ta wani ɓangaren, amma ba duka bane ke magana akan gidana, wasu akan abinda suka iya sakawa suke magana.

Kafin a kwatanta sai an gane abinda ke ƙasan. Boilar tururi tukunya ce ta ƙarfen zubi da ruwa bai cikata ba, ana hura mata wuta ruwan ya tafasa, tururin ya kumbura kusan ninki 1,700 na ruwan da ya fito daga ciki, ya ture iskar da ke cikin bututai ya hau sama da ƙafarsa ba fanfo ba komai, ya shiga radiyeta ya bada zafinsa ya koma ruwa ya gangaro. Shikenan. Iri biyu ne, akwai mai bututu ɗaya inda tururi ke hawa ruwa ke saukowa ta hanya guda, zaka ganshi da ɗan ƙaramin bentin iska a gefen radiyeta mai yin tsaki, akwai kuma mai bututu biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Je ka duba radiyetarka yanzu, dan wannan bambancin shine rabin amsar. Yawancin ƙananan gidajen Niyok mai bututu ɗaya ne, nawa ma haka. Kuma yawanci da kwal aka fara su, daga baya aka koma mai, wasu suka koma gas. In kana mamakin meyasa radiyetocin suke manya har mutum na buɗe taga cikin hunturu, bayan annobar murar 1918 ne aka yi yayin barin taga a buɗe dan iska mai kyau, sai aka riƙa ƙera dumamar gida ta yadda zata iya da ɗaki ko da taga a buɗe.

Na farko dai, sake boilar tururi. Shine mafi sauƙin kuɗi a cikin ukun, kuma kwana biyu zuwa uku an gama, ba a fasa bango ba a taɓa ɗakin kowa. Kamfanonin da ke yinta har yanzu suna nan, Weil-McLain, Peerless, Burnham, Utica, Crown, duk ƙarfen zubi ne kuma in ka tambaye ni tazarar da ke tsakaninsu bata kai tazarar da ke tsakanin filamba da filamba ba. Dokar tarayya tun 2021 bata yarda a sayar da boilar tururi ta gas da ke maida ƙasa da kashi 82 cikin 100 na makamashinta zafi ba, ta mai kuma 85, kuma gaskiya nan suke tsayawa, ba zaka samu wadda ta kai kashi 95 ba dan tururi sai ruwa ya tafasa, hayaƙin dole ya fita da zafinsa. Wannan shine rauninta kuma masu son sayar maka da wani abu nan suke dannawa.

Amma abinda ke kashe mutane a wannan zaɓin abu biyu ne, girman boila da bututan da ke kanta.

Girma tukuna. Filamban da ya shigo ya leƙa lambar da ke jikin tsohuwar yace zai kawo irinta, sallame shi cikin mutunci. Tsohuwar mai yiwuwa wanda ya sakata shima ta baya ya kalla ya ƙara kaɗan dan kar a kira shi, haka ake ta ƙari tun zamanin kwal. Ba kuma da faɗin gida ake aunata ba. Ana bin radiyeta ɗaya bayan ɗaya ne, a auna tsayinta a ƙirga yankanta da ginshiƙanta a duba tebur a fitar da faɗin fatar da ke bada zafi, a ƙafa murabba'i, kowace ƙafa ɗaya tana cin BTU 240 a awa, BTU kuwa ma'aunin yawan zafi ne. In jimillar ta kama ƙafa 400 misali, sai a nemi boilar da takardarta ta rubuta ƙafa 400 na tururi ko kusa da haka, kuma kar a ƙara komai akai dan kamfani ya riga ya saka rarar kashi ɗaya cikin uku na dumama bututai a cikin lambar. Boilar da ta fi ƙarfin gida zaka jita tana kamawa tana mutuwa duk bayan minti biyu, firesha na hawa, bentoci na ihu suna tofar da ruwa, gas na tafiya a banza. Wanda bai hau sama ya shiga ɗakunanka da tef ba bai auna komai ba.

Sai bututai, kuma nan ne nake so a tsaya. Tsofaffin boilolin da manya ne, akwai fili a cikinsu sama da ruwa inda tururi ke rabuwa da ɗigon ruwa kafin ya fita. Na yanzu ƙanana ne, wannan filin babu, dan haka bututan da ke saman boilar su ke yin aikin, wato su ma ɓangaren injin ne ba wai hanya kawai ba. Kowace boila tana zuwa da littafi mai zane, an rubuta kaurin bututun da ke tasowa daga kanta, guda nawa, da kaurin babban bututun kwance da suke kira heda, da cewa hedar ta zama aƙalla inci 24 sama da layin ruwa. Tsarin shine masu tasowa su shiga heda tukuna, bayansu bututan da ke tafiya cikin gida, a ƙarshe kuma ta lanƙwasa ƙasa ta maida ruwan da ta tace cikin boila. In aka juya wannan jerin ruwa zai bi tururi ya hau gida, shine wannan bugun da kake ji da asuba kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Akwai kuma wata 'yar lanƙwasa ta gefen da ruwa ke dawowa da ake kira madaukin Hartford, sunan kamfanin inshorar da ya matsa a riƙa yinta tun wajen 1919, amfaninta in bututun dawowa ya fashe ruwan boila ba zai tsiyaye duka wuta na ci ba.

Kuma da baƙin ƙarfe mai zare ake yin duk abinda ke sama da layin ruwa, ba jan ƙarfe ba. Jan ƙarfe yafi saurin aiki, a yanka a liƙe da dalma, shiyasa masu gaggawa ke sonsa, amma yana miƙewa da zafi fiye da ƙarfe kuma haɗin dalma baya juyawa, kullum ya yi zafi ya huce yana murɗa kansa yana jan yankunan tukunyar, wata rana ya tsage. Wani yayanmu ɗan Kumasi da ya riga mu zuwa ƙasar nan haka aka yi masa, boila sabuwa fil, heda ta jan ƙarfe siririya, hunturun farko gidan kamar maƙera. Da na je dubawa yace min ƙanena, ni dai na biya kuɗin boila amma ban biya kuɗin barci ba. Sai da ya sake biyan wani aka warware aka ɗaura daga farko, wanda ya yi na farkon kuwa waya ma ya daina ɗauka. Dan haka in kwateshan biyu suka zo ɗaya yafi ɗaya arha sosai, kafin ka yi murna tambayi da wane ƙarfe, inci nawa, kuma a rubuta a takardar cewa za'a bi zanen kamfani. Warantin ma in ba a bi zanen ba suna iya ƙin karɓa.

Toh sauran bututan gidan fa, sai an canza? Yawanci a'a, kuma wannan ne mutane basa yarda. Manyan bututan tururi da ke rataye a silin ɗin besmen da masu hawa cikin bango suna iya haura shekara ɗari lafiya lau dan ba a jiƙe suke zama ba. Masu ruɓewa sune na ƙasa, waɗanda ke kwance cike da ruwa suna maida shi boila, su ke tara laka da tsatsa, musamman in an binne su a ƙarƙashin siminti inda zasu yi shekaru suna yoyo ba wanda ya sani. Kuma wannan yoyon shi ke kashe boila, dan duk ruwan da ya ɓata sai an ƙara sabo, sabon ruwa kuma da iskar da ke cin ƙarfe yake zuwa. Tawa abinda ya cinyeta kenan. In baka gyara wannan ba sabuwar da ya kamata ta yi shekara ashirin ko talatin zata iya hujewa kafin goma. A canza na ƙasan, su kam ko da jan ƙarfe ba laifi tunda ruwa ne a ciki ba tururi ba, a sa na'urar ƙara ruwa mai mita dan ka riƙa ganin galan nawa take sha a wata.

Ragowar ƙananan abubuwa ne amma su ke sa gida ya yi daɗi. Manyan bentocin iska a ƙarshen kowane babban bututu, irin Gorton lamba 2 ko Hoffman 75, dan in iska bata fita da sauri ba tururi baya isa ɗakin ƙarshe. Firesha a sauketa ƙasa da fam 2, wato psi 2 a agogon da ke jikin boila, gida baya buƙatar fiye da haka, wanda ya murɗa ta zuwa 5 dan wai zafi ya ƙaru bai san aikin ba. A dawo bayan an gama a yaye man da ke saman ruwan sabuwar boila, aikin awanni ne kuma da yawa basa dawowa sai ka rubuta shi cikin yarjejeniya. A lulluɓe bututai da audugar gilashi mai kaurin inci ɗaya. In kuma kaga wani farin abu kamar filasta ko kwali a naɗe jikin tsoffin bututai kar ka taɓa shi, asbesto ne mai yiwuwa, masu lasisi ke cire shi kuma kuɗinsa daban, wannan ko wane zaɓi ka ɗauka yana jiranka. Wanda zai bar mai ya koma gas shima ya sa lissafin saka sabon bututu cikin cimni da fitar da tankin mai, in kuma tsohuwar ita ke bada ruwan wanka to hitar ruwa daban.

Na biyu, maida gidan na ruwan zafi. Abin sha'awar a fili yake, boilar zamani mai tatse zafin hayaƙi tana kai kashi 90 da wani abu, ana iya raba gida shiyya shiyya kowane hawa da na'urar saita zafinsa, ba tsaki ba bugu, zafin kuma a hankali yake zuwa ba irin na tururi mai zuwa gaba ɗaya ya tafi gaba ɗaya ba. In da sabon gida nake ginawa shi zan saka ban ko waiwaya ba.

Matsalar tsohon gida ne. In naka mai bututu ɗaya ne, ruwa yana buƙatar hanyar shiga da ta fita, dan haka sai an ja sabon bututu zuwa kowace radiyeta, a fasa bango a fasa sili. Da yawan tsofaffin radiyetocin tururi kuma ta ƙasa kawai yankunansu suka haɗu, ruwa ba zai zagaya cikinsu daidai ba, sai dai a zubar a sayi wasu. Ko sun dace ma, abinda ya yi shekara 90 yana ɗaukar firesha ƙasa da fam 2 yau ka cika shi da ruwa a fam 12 zuwa 18, duk wani rauni da ke ɓoye sai ya bayyana, kuma a saman silin ɗan haya zai bayyana. Sannan radiyetar da ke bada BTU 240 da tururi, da ruwa mai digiri 170 kusan 150 take bayarwa, ƙafa 400 ɗin nan ta sauko daga 96,000 zuwa 60,000. Wani gidan hakan ya ishe shi tunda dama an yi su da yawa kuma an canza tagogi, wani kuma bai isa ba, lissafi ne zai nuna. Ga kuma abinda mai sayarwa baya faɗa, wannan kashi 95 ɗin sai ruwan da ke dawowa ya sauka ƙasa da digiri 130 ake samunsa, in dole ka riƙa tura ruwa mai zafi sosai dan ɗaki ya ɗumama to ka sayi boila mai tsada tana aiki kamar ta kashi 80 da wani abu. Mai bututu biyu yafi sauƙin juyawa, amma abin dariyar shine mai bututu biyu in aka gyara tarkunansa, wato 'yan na'urorin da ke mafitar radiyeta masu tsare tururi su bar ruwa da iska su wuce, shine tururi mafi daɗi da ake dashi, juya shi kamar yanka saniya mai bada nono ne.

Inda na yarda da wannan zaɓin shine in dama zaka fasa gidan ne gaba ɗaya, bango a buɗe ba kowa a ciki, ko wani mai gidan baya ya riga ya cire rabin radiyetocin ya yayyanke bututai. Hita mai hura iska ta manyan bututan kwano ma nan take shiga, sai gida na buɗe, in ba haka ba ina zaka bi da su.

Na uku, hit fam, wato esin nan da muka sani mai rabi a waje rabi a bango amma mai juyawa ya bada zafi. Na yanzu ba irin na da bane, Mitsubishi da Fujitsu da Daikin suna da waɗanda ke aiki har waje ya kai 13 ƙasa da sifili, wato 25 ƙasa da sifili a namu ma'aunin. Kana samun sanyi da rani kyauta akai, ba wuta ba hayaƙi a cikin gida, kuma kowace wutar lantarki ɗaya da ya ci yana jawo zafi ninki biyu zuwa uku daga waje. Amma sai ka ɗauki biro. A ce gas dala 1.50 ne kowane tam, wato BTU 100,000, a boilar kashi 82 zafin da ya shigo ya tsaya maka kusan 1.83, a ta kashi 94 kuma 1.60. A ce mai dala 3.80 galan, galan ɗaya BTU 138,500 ne, a kashi 85 ya kama kusan 3.23. Hit fam mai ninki biyu da rabi yana buƙatar kilowat-awa 11.7 dan ya bada wannan zafin, in kowane kilowat-awa senti 30 ne ya zama 3.51, in senti 15 ne ya zama 1.76. Waɗannan farashin misali na sa, ɗauko bil ɗinka ka saka naka. Abinda zaka gani shine inda wuta ke da tsada irin Niyok da Bostin hit fam baya kada gas, da mai ne suke kokawa, inda wuta ke da arha kuma labarin ya canza. Ka kuma lura da tazarar 1.83 da 1.60, senti 23, ka lissafa shekara nawa zata ɗauka kafin ta biya fasa bangon gida guda.

Akwai kuma kuɗin da basa cikin kwateshan na farko. Tsohon gida mai akwatin wuta na amfiya 100 sau da yawa sai an ɗaga shi zuwa 200. Ƙananan ɗakuna da banɗaki da ba za'a liƙa musu na'urar bango ba sai an nema musu dabara. Besmen da bututan tururi ke ɗumamawa ba da niyya ba zai huce, fayif ɗin ruwa na iya daskarewa. In zafin ya koma kan mitar ɗan haya dole a sake maganar haya. Rangwamen harajin tarayya na dala 2,000 an rufe shi ƙarshen 2025, sai dai na jiha da na kamfanonin wuta irin Con Edison da shirin Mass Save na jihar Masachusets, su ma ka karanta sharaɗin da kyau dan mafi tsokarsu sau da yawa sai ka yarda an cire ko an kashe tsohuwar hitar gaba ɗaya. Ranar da guguwa ta ɗauke wuta kuwa, boilar tururi ta gas wutar da take ci kaɗan ce tunda ba fanfo, ƙaramin janareta a waje ya isheta, hit fam na gida guda kam sai babba. Shekarunsa ma wajen sha biyar ake sa masa rai.

Ni abinda na yi, na sake ta tururi ta gas, ƙarama da ita akan wadda aka cire, na ɗauki kwateshan na tsakiya dan shine kaɗai mutumin ya hau sama da tef kuma ya rubuta inci nawa hedar zata kasance, aka yi famit, aka canza bututan ƙasa duka aka fito dasu saman siminti, aka sa manyan bentoci biyu da na'urar gano iskar guba kusa da ɗakunan kwana. Bayan shekara na sa hit fam guda ɗaya a falonmu na sama saboda zafin Yuli, yanzu shi muke kunnawa a Oktoba da Afrilu lokacin da sanyin bai kai a tada boila dan mu ba, in Disamba ta shigo kuma tururi ya karɓa. Wanda gidansa mai ne kuma babu layin gas a titinsa, shi kam ya zauna ya yi lissafin hit fam da gaske kafin ya sake sayen tukunyar mai. Mitar ruwan nan kuma ina leƙata duk ranar Asabar in na sauka wanki, watan jiya galan ɗaya ta sha.